Na Hana Jikana A-Sha-Fama, Sai Muka Sha Fama

Da sunan Allah, wanda ya halicci cinya, ya kuma halicci tsofaffin da ke lalata ta.

Sunana Ila, amma a Tanut in ka tambayi Ila sai a nuna maka mutum biyar. Ka ce Shofer, ko akuya za ta kai ka ƙofar gidana. Shekara talatin da ƴan kai na yi ina jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Agadas, har idanuna suka ce sun gaji da ni. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, ta biyun ma rabinta a kan aduwar bayan aji na cinye ta. Saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace a takardar nan, ya miƙe shi da kansa, kada ya zo gidana.

Na rubuta ne saboda ƴan fadarmu, tsofaffin direbobin da ke zama ƙarƙashin itacen bedin da ke kallon filin ƙwallo, masu sani a kan kome, alhali rabinsu ko mazugin wandonsu sai an ɗaure masu. Ni ne babbansu a baki, ni kuma bakin ya fara ci.

Ina da jika, Mutari, ɗan shekara sha shida. Ubansa, ɗana na fari, yana arewa wurin haƙar zinariya, ya bar shi da uwarsa a gidana. Yaro ne siriri, ina ce masa Ƙafar Sauro, shi kuma yana ce mani Feray, wato tsohon ƙarfen da ake jibgewa bayan gareji. Haka muke gaisawa tun yana ɗan shekara biyar. Amma sauron nan in ya ɗauki ƙwallo ta gefen fili, ba wanda ke ganin komai sai bayansa.

Mai koya masu wasa Mushe Abdu ne, malamin motsa jiki a kolej, saurayi mai usur a wuya. Kullum kafin su taɓa ƙwallo sai ya jera su. Su yi sassarfa a hankali, su ɗaga gwiwa har ƙirji, su doki ɗuwawunsu da diddige, su wurga ƙafa gefe kamar masu tsallake darni, su yi tafiyar kaikaice irin ta raƙumin da ya ga mota. Sai sun yi jiɓi sannan a fara wasa. Wata rana na kira shi.

"Mushe, wannan rawar ta wace ƙabila ce?"

Ya ce, "Baba Shofer, ba rawa ba ce. Eshofma ke nan."

"Me? A sha fama?"

Fada ta kwashe da dariya, har Alhaji Buba, wanda muka yi tuƙi tare, ya ƙware da shayi. Mushe ya yi haƙuri ya ce ɗumama jiki ne. Na ce, "Ɗumama jiki? A nan ƙasarmu ta Damargu? Ɗana, ɗaga kanka ka dubi abin da ke sama. Allah ya riga ya ɗumama mu, har ya wuce misali. Wannan na ƙasashen da ruwa ke daskarewa ne, ka kwaso mana shi a takarda." Tun ranar sunan ya bi shi. Da yara sun jeru sai fada ta ce, "To, an shiga a-sha-fama." Ni kuwa ina hura hanci, na ƙirƙiro kalma.

Da aka gama yankan hatsi, cikin zafin kaka, aka shirya wasa da ƴan Belbeji a garinsu. Ba wasan banza ba ne. Mutane biyu za su zo daga Damagaram su zaɓi yaran da za a ɗauka cikin ƙungiyar jiha, kuma Mushe ya faɗa wa kowa cewa Mutari ne wanda ya fi sa wa rai. Yaron sati biyu yana wanke takalmansa. Ni ma na cusa kaina cikin motar, wai na san hanya, kamar hanyar Belbeji tana ɓata. Awa uku muka yi ana girgiza mu. Mutari a kan tayar safiya, wato tayar ajiya, ya zauna, gwiwoyinsa a haɓarsa.

Bayan La'asar aka fito fili. Aka kira Mushe wurin tebur kan maganar takardun haihuwa, ya bar wa kaftin ɗinsu yaran ya ce su fara. Suka jeru. Na hango mutanen Damagaram da littattafansu, sai na ja hannun jikana zuwa inuwa.

"Zauna nan."

"Feray, Mushe zai yi faɗa."

"Mushe jiya aka haife shi. Ni ban taɓa ƙona man gazuwal ɗin tafiya a cikin tasha ba. Bar su su gaji, kai ka shiga da ƙarfinka cikakke. So kake baƙin can su gan ka kana haki tun ba a fara ba?"

Ya dubi abokansa, ya dube ni, ya zauna. Na sayo ruwan leda biyu masu ƙanƙara. Ɗaya ya sha, ɗaya na ɗora masa a cinyoyi don su huce daga wahalar mota. Ku riƙe wannan, masu karatu. Da hannuna na ɗora.

Arbit, alƙalin wasa, ya busa usur. Ba a yi minti biyar ba aka jefo wata doguwar ƙwallo ta gefensa. Ya tashi. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ni ina tsaye ina ihu cewa jinina ne. Sai kawai ya yi tsalle kamar kunama ta harbe shi, ya dafe bayan cinyarsa ta dama, ya yi ɗingishi uku ya zube.

Da muka isa kansa abin da yake cewa shi ne, "Wa ya jefe ni? An jefe ni da dutse!"

Ni kuma, da yake hankali ya yi mani yawa, na juya kan yaran Belbeji da ke bayan layi na shiga zaginsu har kakanninsu. Saura kaɗan a yi dambe. Wani makiyayi daga Tenhya, mai rawani, da ya zo kasuwa ya tsaya kallo, ya riƙe mani riga ya ce, "Tsoho, ba wanda ya yi jifa. Daga ciki ne. Na taɓa ganin haka ga raƙumin da aka tasa da gudu daga kwance." Na ce ya koma wurin raƙumansa.

Mushe ya durƙusa ya taɓa wurin, ya tambayi Mutari ko ya yi eshofma. Yaron ya sunkuyar da kai. Bai tona ni ba, ni ma ban tona kaina ba. Mushe ya ɗaure cinyar da bandeji, ya sa aka nemo ƙanƙara, ya ce mani, "Baba, sanyi za a riƙa sa masa. A ɗaga ƙafar. Ban da tausa, ban da ruwan zafi. Gobe a kai shi asibiti." Na ce to. Amma a mota na ji yana ce wa kaftin, "Jikin ne bai ɗumama ba." Duk sauran maganarsa ta zube a hanya, wannan kaɗai na iso da ita gida.

Satin farko. Na zauna na yi lissafi irin na mai shekara biyu a lakwal: yaron da rashin ɗumi ya kayar, a ƙara masa ƙanƙara? Ai ɗumin da ya rasa za a mayar masa. Na zubar da ƙanƙarar a gindin zogale. Na sa matata Haja Zara ta tafasa ruwa muka gasa cinyar da tsumma, safe da yamma. Da rana in ɗebo rairayi mai zafi in ƙulle a zane in ɗora. Na sayo man zafi na mulka har idona na hawaye. Mutari yana cewa, "Feray, zugi yake ƙarawa." Ina cewa magani ne ke aiki.

Kwana uku cinyar ta yi biyun ƴar'uwarta. Kwana biyar wani baƙi-baƙi kamar an zuba shuni ya gangaro har bayan gwiwa. Daga nan masu dubiya suka fara zuwa, kowa da asibitinsa a cikin baki. Ƙanwar Haja ta ce kambun bakan mutanen Belbeji ne. Wani maƙwabci da bai taɓa zuwa Belbeji ba ya rantse an binne abu a bakin raga. Wanzami ya ce a yi ƙaho a zuƙe mataccen jini. Wata tsohuwa ta kawo kitsen damo a gwangwani, yana wari kamar an buɗe kabari. Alhaji Buba ya ce a yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi, wai haka aka yi wa jakinsu. Na ce, "Jakin ya warke?" Ya ce, "A'a, amma ya daɗe bai mutu ba." Waɗannan su ne mashawartana. Na gode masu da tattaki, Allah ya ba su ladan dubiya, ya kuma raba mu da iliminsu.

Mutum ɗaya ce ta ambaci asibiti, uwar yaron. Amma surukata ce, ba ta haɗa ido da ni, balle ta yi mani gardama. Ta faɗa wa Haja a madafa, Haja ta faɗa mani, na ce targaɗe ne kawai, asibiti na masu ciwo ne.

Sati na biyu na aika Gangara aka ɗauko maɗori. A nan zan yi adalci. Mutumin nan shi ya ɗora mani hannu shekarun baya da ƙofar kamiyo ta karya shi, ga hannun ina rubutu da shi. Ƙashi aikinsa ne. Ya lalubi ƙafar daga ƙugu zuwa idon sawu ya ce, "Shofer, ba karaya a nan." Da na bar shi ya tafi, da an zauna lafiya. Sai na ce mutum ya zo daga Gangara ya koma hannu sake? Ya ce to wataƙila jijiya ce ta hau jijiya. Ya yi tofi, ya sa manyan yatsunsa biyu ya murza bayan cinyar nan kamar mai kwaɓa fura. Mutari bai yi kuka ba. Gefen tabarma ya ciza har ya gutsure kaba.

Washegari ƙafar ta ƙi miƙewa. Wani ƙullutu ya fito a tsakiyar cinyar, da tauri kamar goruba. Yaron da ke tsere da babur ya koma zuwa bayan gida da sanda, yana jan ƙafa.

A satin nan ne kuma ya daina ce mani Feray. Da safe sai ya ce, "Ina kwana, Kaka." Da ladabi, da sunkuyar da kai, kamar wani baƙo. An zage ni a tashoshi da harsuna huɗu, ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar gaisuwar nan. Na ce masa Ƙafar Sauro, ya ce, "Na'am, Kaka." Na fita waje.

Sati na uku Mushe Abdu ya zo. Ya kawo labari biyu. An ɗauki yara biyu daga Tanut, ba Mutari. Amma mutanen Damagaram sun ga gudun nan na minti biyar, sun ce za su dawo bayan wata uku su sake duba wasu, a filinmu. Mutari ya ɗago kai karo na farko cikin kwanaki. Sai Mushe ya yaye zanen ya ga cinyar. Ya daɗe yana kallo.

"Me lokotoro ya ce?"

Likita yake nufi, wanda ba mu kai yaron wurinsa ba. Ya ga tsumman gashi a kan igiya, ya ji warin kitsen damo. Yaron kirki ne, bai zage ni ba, sai ya ce, "Baba Shofer, in aka ci gaba da haka ba maganar Damagaram ake ba. Maganar ko zai sake gudu ake."

Daga bayan zana sai na ji murya. Shekara goma sha bakwai surukata tana gidana, ban taɓa jin muryarta ta kai nan ba. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. Gobe zan kai ɗana asibiti. In kun zo, to. In ba ku zo ba, zan kai shi."

Haja ta dube ni tana jira in tashi da faɗa. Na ce, "Wa ya hana?" Kamar ba ni ba.

A asibitinmu muka yi layi tun hantsi har Azahar, tsakanin masu zazzaɓi da mata masu goyo. Majo, babban mai jinya, ya latsa ƙullutun ya ce, "Wa ya gasa? Wa ya murza?" Na ce mutanen gida ne. Haja ta yi tari. Ya ba da ƙwayoyin rage zugi, ya rubuta takarda ya ce sai an yi eko, hoton cikin naman, a Damagaram. Tunkiyar Haja muka sayar, ita ta kai mu, kuma har yau in tuwo ya yi mani kaɗan na yi magana, sai ta ce in je in tambayi tunkiya.

Sati na huɗu muka tafi, ni da shi da uwarsa. Ba ya iya zama a kan cinyar, a kaikaice ya yi tafiyar duka. Asibitin da aka tura mu, layinsa ya fi na gidan mai ranar da esans ya yanke. Na gwada furfurata, na dafa ƙugu ina nishi don a bar mu mu wuce. Wata mata ta ce, "Tsoho, kai ne marar lafiyar ko yaron?" Na ce duka. Ta ce, "To ku bi layi sau biyu." Mutanen birni ba su da tausayi, amma ta raba ƙosanta da Mutari.

Lokotoron mace ce, ba ta kai ƴata ta uku ba. Na ce a raina, an gama da mu. Ta shafa wani abu mai yauƙi a cinyar, ta ɗora na'ura irin wadda ake duba masu ciki. Na ce, "Ƙafar Sauro, ashe ciki ka yi a cinya." Ba wanda ya yi dariya. Ta nuna mana wani baƙin tabo a allon.

"Sunansa kilakaj. Naman bayan cinya ne ya yage. Wannan baƙin jini ne ya taru. Yagewar ba ta kai ta yi wannan taron jini ba, an taimaka mata."

Ta sa allura ta zuƙo jinin, baƙi kamar tsohon man inji. Tana ɗaure wurin ta tambayi Mutari yadda aka yi. Ya ce, "Ban yi eshofma ba. Laifina ne."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ƙarya yake, ƴata. Ni na zaunar da shi." Na faɗa mata duka: tayar safiya, inuwa, ruwan leda, tsumma, rairayi, maɗori. Surukata tana jin wasu a karo na farko. Lokotoro ta ajiye almakashi ta ce, "Baba, me ya sa?"

"Na ga a Damargu rana ta isa ɗumama kowa."

"Wane aiki kuka yi?"

"Shofer ne ni. Shekara talatin."

"To da safe in kun tada kamiyo, sai ku ba ta wuta nan take ku hau hanya?"

Na ce, "Haram! Sai na shofe ta. Ta yi ta gurnani a tsaye har allura ta motsa. Akwai wani aparanti, yaron motata, da ya taɓa taka mani wuta a inji mai sanyi, har yau in ya gan ni yana dafe kunne."

"Ko da bazara?"

"Ko da bazara. Ai zafin rana daban, zafin inji daban. Rana ƙarfen waje take gasawa. Na ciki sai mai ya zagaya ko'ina, sannan..."

Na tsaya. Ban ƙarasa ba, don na ji abin da bakina ke faɗa. Ta bar ni na ji shi sosai, sannan ta ce, "Shofe, shofer, eshofma. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sunan da ake kiranku da shi ma mai ɗumamawa yake nufi."

Shekara talatin ina yawo da suna ban san ma'anarsa ba, har na tsaya gaban jama'a ina yi wa ɗan'uwansa dariya.

Ta ce eshofma ba laya ba ce, wanda ya yi ma yana iya jin ciwo. Amma naman da jini ya zagaya shi yana miƙewa ba gardama, yaro ya fi saurin tashi, ya fi saurin juyawa tun daga usur na farko. Wanda kuwa aka naɗe awa uku a mota, aka ɗora masa ƙanƙara, aka ce ya tashi da gudun ƙarshe, to an roƙi yagewa ne. Sannan ta faɗi maganar da na sa aka rubuta mani a bangon zaure: "Zafi kafin wasa, sanyi bayan ciwo. Ku kun yi duka biyun, Baba, sai dai kun juya su."

Na gode wa yarinyar nan. Na so dai ta rage murya, don masu jira a ƙofa duk sun ji.

Daga sati na biyar aka shiga aikin gaske, kuma ba abin ba da labari a cikinsa sai gajiya. Ta ba mu takarda mai zane-zanen ɗan mutum. Ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu. Ya danna diddige a ƙasa ya riƙe. Ya miƙe ƙafa a hankali, da zafi ya fara ya tsaya. Ni ne mai ƙirga, don ƙirga dai na iya. Safe da yamma. Ƙullutun ya riƙa narkewa, shunin ya koma ɗorawa ya ɓace. Sati na shida ya ajiye sanda. Na bakwai muka fara zagaya fili da ƙafa, ni da shi, ta gaban fada. Alhaji Buba ya ce, "Shofer, kai ma an sa ka a-sha-fama?" Na ce, "Na sha, na ƙoshi. Yaya jakinku?"

A sati na takwas Mushe ya karɓe shi da sassarfa. A na tara ya ji ƙafar ta yi daɗi, aka kuma shirya wasan unguwa, ya ce zai buga. Lokotoro ta ce ba gudun ƙarshe ba ƙwallo sai ya cika sati sha biyu. Ƴan fada, waɗanda suka ce a yi sakiya, su ne kuma suka ce yaro ya warke ana ɓata masa lokaci. Na san hana shi da baki ba zai yi ba, bakina ya riga ya zube a wurinsa. Sai na koma sana'ata ta asali. Na sace takalman na tura su cikin rumbu ƙarƙashin damman hatsi. Ya birkice gida yana nema.

"Kaka, kun ga takalmana?"

"Wane iri?"

Ya san ni ne. Ya tsaya a kaina yana huci, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Kun hana ni wancan, yanzu kuma kun hana ni wannan." Na ce, "I." Kwana huɗu ko "Ina kwana, Kaka" ban samu ba. Na ci gaba da ƙirga masa, yana ɗaga ƙugu yana kallon sama.

Ranar da sati sha biyu suka cika na fito da takalman, ɓera ya ɗan ɗanɗana igiyar ɗaya. Bayan kwana goma mutanen Damagaram suka dawo.

Wannan karon ni na kai shi fili tun kafin kowa. Da yara suka jeru, na zauna a ƙasa bakin layi, ba a fada ba, ina kallon kowace gwiwa da ya ɗaga. Ya yi jiɓi. Aka busa usur. Ƙwallo ta farko da aka jefo gefensa na rufe ido. Da na buɗe yana can gaba, a kan ƙafafunsa biyu, yana gudu. Ya buga wasan har ƙarshe. Cinyar ta riƙe.

Amma ni da na san gudunsa na ga abin da ya rage. Inda da yake wuce mutum biyu, yanzu ɗaya yake wucewa, na biyun ya cim masa. Yana isa ƙarshen gudu sai ya ɗan sassauta, kamar direban da ya taɓa faɗuwa a kwana. Mutanen Damagaram ma sun gani. Suka ɗauki wani yaro. Suka ce wa Mushe a kawo Mutari baɗi, in ya dawo yadda yake, kuma baɗin ce shekararsa ta ƙarshe a wannan rukuni. Shekara guda cur na ci wa yaron nan, da ruwan leda biyu da baki ɗaya.

Fili ya watse. Ya zo ya tsaya kusa da ni, takalman a rataye a wuya. Na shirya maganganu tun sati huɗu, ba wadda ta fito. Na ce bari dai in tashi mu tafi. Na dafa ƙasa, na yunƙura, gwiwoyina suka ƙi. Awa biyu ina naɗe a wuri ɗaya. Na sake yunƙurawa, wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, na koma daɓas. Ƴan fada suna kallo daga ƙarƙashin bedi.

Mutari ya dube ni daga sama har ƙasa, ya girgiza kai.

"Feray," ya ce, "haka ake tashi ba a yi a-sha-fama ba?"

Ya miƙo hannu. Na kama. Na ce, "Ja a hankali, Ƙafar Sauro, injin tsoho ne." Na juya fuskata wajen masallaci don kada ya ga abin da ke cikin idona.

Allah ya saka wa Mushe Abdu, da majo, da lokotoron da ta wanke ni a gaban mutane, da surukata da ta yi magana daga bayan zana. Ku kuma ƴan fada, ga sanarwa. Yanzu kowace La'asar ina bakin layi da sandar da Mutari ya ajiye. Duk tsohon da na ji ya yi wa yara dariya suna ɗaga gwiwa, ko ya ja jikansa inuwa, zan shofe shi da ita, ko da bazara.